Jinin Manaja

Gu Nari, ƙaramar likitar dabbobi, ta ɗora kan na'urar ɗaukar hoto a kan cikin karyar, ta matsa hagu, ta matsa dama, duk inda ta kai sai baƙi. Baƙi a allon nan ruwa ne, ruwa kuwa a cikin dabbar da babur ya banka ba ya zama komai sai jini. Ta ɗaga leɓen karyar ta duba dasashinta. Ya yi fari fat.

"Baban Injolmi," in ji ta, "saifarta ce ta fashe. Jini na zuba a ciki. Sai an yi mata aiki yanzu."

Dattijo Pyo, mai karyar Injolmi, yana tsaye da takalman roba, hannuwansa har gwiwa sun yi furu-furu da garin shinkafa. Shagonsa na wainar shinkafa yana bakin kasuwa, kuma a daren jajibirin Cusok, babban idin kaka na Koriya, babu mai irin sana'arsa da ke runtsawa a duk birnin Daegu. Ya baro tukwane a wuta, ya baro mata a layi, ya naɗo karyar cikin buhun gari ya tare tasi.

"Na ce mata kada ta tsallaka titi," in ji shi. "Shekara tara ina faɗa mata. Kunnen ƙashi, kamar uwar 'ya'yana." Ya goge fuska da bayan hannu, garin ya bar masa layi a kumatu. "To ku yi mana. Me kuke jira?"

Jini suke jira, kuma babu. Leda biyu da suka rage a firji an ƙarar da su tun magariba, motar da ke kawo musu kuwa ba za ta zo ba sai bayan hutu, don duk hanyoyin ƙasar sun cushe da masu tafiya gida. Nari ta san haka. Likita Bong, mai asibitin, wanda ya fito daga ofis yana ɗaura igiyar rigarsa, shi ma ya sani. Su uku ne kawai a aikin daren, ya sallami sauran su je su gaida iyayensu.

Likita Bong ya matso. Ya duba allon, ya taɓa cinyar karyar ya ji bugun jijiya, sannan ya waiwaya wajen ƙofar baya.

Ta can sai ga ƙarar kunna risho. Gwaggo Malsun, ma'aikaciyar jinyar da ta shekara ashirin da shida a asibitin, ba ta jira an gaya mata ba. Ta riga ta jiƙa busasshen kifi, ta ɗora tukunya. Ƙamshin ya biyo baranda a hankali, ya danne warin magani. Daga ɗakin tukunyar ruwan zafi aka ji motsin ƙarfe, da wani abu mai nauyi yana ƙoƙarin miƙewa.

"A'a," in ji Nari.

"Ƙaramar Likita," in ji Likita Bong, "ba mu da lokaci."

"Ranka ya daɗe, ka yi alkawari za ka sallami Manaja, in kai shi gonar kawuna ya huta."

"Na ce bayan idi. Yau jajibiri."

"Kafin nan ka ce bayan damina. Kafin nan ka ce bayan sanyi. Bara ma da na zo an ce mini sau ɗaya ya rage."

Ya dube ta ta saman gilashinsa, ya dubi dattijon, ya yi mata alama da ido su fita baranda.

Manaja ya riga su. Gwaggo ta buɗe masa keji, ya fito yana jan ƙafar baya, babban baƙin kare da bakinsa ya yi furfura har idanu. Bai dubi kowa ba. Ya wuce su ya shiga ƙaramin ɗakin ɗibar jini, ya taka benci, ya huta, ya taka tebur, ya kwanta a gefen hagu ya miƙe wuya. Wutsiyarsa ta bugi ƙarfen sau biyu.

"Kin gani?" in ji Gwaggo daga bakin ƙofa, da ludayi a hannu. "Wa ya ɗora shi? Shi ya san aikinsa. Ya fi wasu masu takarda sanin aiki."

Wannan ce maganar da Nari ba ta iya haɗiyewa. Duk baƙon da ya zo sai an nuna masa: ga karenmu mai hawa tebur da kansa. A bikin ƙarshen shekara har katin aiki aka buga masa da hoto, aka rataya a kejin, aka rubuta Manaja, tunda ya girmi kowa a aiki in ban da mutum biyu. An ba shi muƙami, an ba shi kirari, taga ce kawai ba a ba shi ba. Ta buɗe fayil ɗinsa a watanta na farko ta ƙirga: sau sittin da uku. An sayi injin hoto da ya kai girman mota, an ɗora bene uku a kan ginin, an sa gilashi tun daga ƙasa har sama, amma ba a taɓa samun wanda ya zauna rabin yini ya tara sunayen masu manyan karnuka da za a iya kira ba. Don me za a wahala? Ai Manaja na baya. Sabo turken wawa ne, sai dai a nan ba karen ba ne wawan.

Abin da ya fi ci mata rai, ita ma ta taɓa tafa masa.

Tana da shekara sha bakwai ta fara shigowa nan, da kayan makaranta, rungume da Dubu, ƙaramin karen kakarta, wanda ya ci shinkafar ɓera a bayan rumbu. Asibitin a lokacin ɗaki uku ne da baranda. Akwai murhun kananzir a tsakiya da butar shayin sha'ir a kansa, rediyo na rera waƙoƙin da, gashin Likita Bong baƙi wuluk. Gwaggo ta cire mata safar da ta jiƙe ta shanya a jikin murhu, ta damƙa mata kofi ta ce, "Sha, kuka ba ya ƙara wa kare jini." Sai aka buɗe ƙofar baya, wani baƙin kare mai sheƙi ya shigo da gudu, ya yi tsalle ɗaya ya hau tebur yana dariya irin ta karnuka. Gom ake ce masa a lokacin. Ta ga jininsa ya bi siririn bututu ya cika leda, ta ga ledar ta koma jikin Dubu, kafin gari ya waye kunnuwan Dubu sun yi ja. Ba ta taɓa ganin abu mai kyau kamar wannan ba. Shi ta rubuta a takardar neman shiga jami'a, malaman suka yaba. Kakarta kuwa duk kaka sai ta aiko wa asibitin da kwandon kanya daga gona, har shekarar da ta rasu. Sau da yawa, in aikin dare ya yi tsit, Nari takan ji tana neman ƙamshin kananzir ɗin nan da shayin, ta rasa. A duk shekarun da ta yi tana karatu da hoton karen nan a ranta, ko sau ɗaya ba ta tambayi kanta ina ya koma bayan an rufe ƙofar ba.

"Na auna shi makon jiya," in ji ta. "Jininsa shi kansa bai cika ba. Ƙodarsa ta fara gajiya. A watan bakwai da aka ɗiba kwana biyu bai tashi ba, Gwaggo ce ta riƙa juya shi. Injolmi kilo sha tara ce, leda guda cur take buƙata. In ka ɗebi leda a jikinsa yau, ba zai sauko daga teburin nan da ƙafarsa ba."

"Kin tabbata?"

"Ban tabbata ba. Kai ka tabbata zai sauko?"

Likita Bong ya dubi ƙaramin ɗakin. Shi ya tsinto karen a kwali, a bayan tashar mota, tun idanunsa ba su gama buɗewa ba.

"To sai mu bar ta ta mutu?"

"Jininta yana nan, ranka ya daɗe. Bai je ko'ina ba, yana cikinta. Hanjinta bai huje ba, mafitsara lafiya lau, na duba. Mu zuƙo shi, mu tace, mu mayar mata ta jijiya, kai kuma kana cire saifar."

"Kin taɓa yi?"

"Sau biyu na ga an yi a jami'a."

"Ta ga an yi," in ji Gwaggo. "Ni ma na ga ana tuƙa jirgin sama."

"Gwaggo, don girman kakata…"

"Kada ki sako mini tsohuwa a nan. Ke kullum kurkuku, kurkuku. Ina kike lokacin da nake tashi sau uku a dare ina ba shi madara da kwalba? Wa ke yanke masa farce? Kin zo bara da takardarki kina kallonmu kamar mahauta."

"Ban ce ba kya son sa ba."

"To me kika ce?"

"Na ce yaushe rabon da ki dafa masa romon nan ba don allura ba?"

Gwaggo ta sauke ludayin. Ta juya ta koma wajen tukunyarta.

"Ba a fafe gora ranar tafiya," in ji Likita Bong, murya ƙasa-ƙasa.

"Shekara tara ana da lokacin fafewa."

Bai yi fushi ba, kuma hakan ya fi fushin zafi. Ya cire gilashi ya murza ido. "Karyar ba tawa ba ce, ba taki ba. Ki je ki gaya wa mai ita, gaskiya tsantsa, kada ki shafa mata mai. In ya yarda, ga sharaɗina: ma'aunin jininta yanzu sha tara. Ya sauka ƙasa da sha biyar, zan ajiye wuƙa in ɗebi na Manaja da hannuna, kuma ba za ki ce uffan ba."

Dattijo Pyo bai zauna ba. Ya ji rabin maganar ta ƙofa.

"Ai an ce kuna da kare mai ba da jini," in ji shi tun kafin ta fara. "Duk kasuwa ta sani. Shi ya sa ban tsaya a asibitin kusa ba, na ce wa direba nan."

Ta yi masa bayani, a taƙaice, da hannu da baki. Ya saurara yana kallon karyarsa, wadda numfashinta ya koma gajere.

"'Yata, ni ban yi karatu ba. Ki faɗa mini abu ɗaya. Wanne ya fi tabbas?"

"Jinin karen."

"To?"

"Shi ne mai yiwuwa ba zai tashi ba."

Ya taka zuwa baranda ya leƙa ƙaramin ɗakin. Manaja yana nan yadda yake, wuya a miƙe, ido ɗaya yana bin duk mai wucewa.

"Shekararsa nawa?"

"Sha ɗaya."

"A lissafin mutane fa?"

"Ya kusa tamanin."

"Tabɗi. Ashe yayana ne." Ya daɗe yana kallo. "Ni saba'in da huɗu, kuma har yau ni ke ɗaukar buhu. Ɗana yana Seoul, kullum sai ya ce, Baba, wannan idin ne na ƙarshe, badi ka huta." Ya karɓi biro, ya riƙe shi a sama bai sa hannu ba. "Ki ji da kyau, Likita. Ba don na yarda da ke ba ne. In ta mutu ga jini can a kwance taku goma, ba zan yafe miki ba. Har in mutu."

"Na ji, Baba."

Ya sa hannu, garin ya ɓata takardar.

Ƙarfe biyu saura kwata suka shiga ɗakin aiki. Gwaggo ta rage wutar risho, ta wanke hannu, ta tsaya a kan karyar tana kula da maganin barci, ba ta dubi Nari ko sau ɗaya ba. Amma kafin Nari ta tambaya, manyan sirinji shida suna jere a kan faranti, da matatar jini, da bututu, kowanne a inda hannu zai kai.

Da Likita Bong ya tsaga cikin, jini ya taso ya cika wurin kamar rijiya da damina. Nari ta tsoma bakin bututu ta ja. Sirinjin ya cika da ɗumi a tafin hannunta. Ta miƙa, Gwaggo ta ɗaura a matata ta fara turawa a jijiyar hannu a hankali, ta miƙo mata wani. Ja, miƙa, karɓa. A na huɗu gudan jini ya toshe bututun, ta tsaya tana fama da shi, yatsunta na santsi.

"Kada ki ja da ƙarfi," in ji Likita Bong, bai ɗago ba. "Jini ba ya son gaggawa, fashewa yake. Matsa mini nan in gani."

Hannuwansa ne kawai ba su tsufa ba. Suka shiga cikin jan ruwan ba tare da ido ya ga komai ba, suka lalubo saifar, suka ɗago ta, ta tsage gida biyu kamar kanyar da ta faɗo daga sama. Ya fara ɗaure jijiyoyi ɗaya bayan ɗaya. Tana yarinya ta zaci sihiri ne. Yanzu ta san sunan kowace jijiya, kuma har yanzu kamar sihirin.

"Bugun yana gudu," in ji Gwaggo. "Ɗari da tamanin."

"Auna," in ji shi.

Nari ta ɗebi ɗigo a siririn gilashi, ta sa a injin juyawa. Minti uku injin ke yi. Ta tsaya a kansa da hannuwa a sama, ta gilashin ƙofa kuma tana hango ƙaramin ɗakin, da baƙin tudun da ke kan tebur. Injin ya tsaya. Ta ɗora gilashin a kan katin awo, ta gyara, ta sake gyarawa. Layin ya tsaya ƙasa da sha biyar. Ba da yawa ba, da kaurin gashi. Babu wanda zai duba bayanta, idanun Likita Bong ba sa ganin layukan nan sai ya canja gilashi, Gwaggo ba za ta iya barin inda take ba. Sha biyar, in ta faɗa, sha biyar ne.

Ta tuna hannun dattijon a sama da biro.

"Sha huɗu," in ji ta.

Gwaggo ta ɗago ta dube ta, karo na farko tun baranda.

Likita Bong ya ja zaren da ke hannunsa, ya ƙulla, ya yanke. Ya ɗauke saifar ya jefa a kwano. Ya danna auduga a wurin, ya ɗaga, ya jira. Bai jiƙe ba.

"Malsun, dasashin?"

Gwaggo ta ɗaga leɓen. "Ba ja ba."

"Fari?"

"Ba fari ba."

"Sirinji nawa suka rage ba a mayar ba?"

"Uku," in ji Nari.

"Famfon na rufe shi. Ku mayar da ukun, ki sake aunawa. Minti goma." Ya ɗauki allurar ɗinki. "Kuma ki daina tsayuwa kamar an dasa ki. Aikin naki ne."

Minti goman nan Nari ba ta san yadda suka wuce ba. Ta san dai Gwaggo ta tura sirinji na ƙarshe tana yi wa karyar magana a kunne, irin maganar da take yi wa kowace dabba tun zamanin murhun kananzir: haƙuri, 'yar gidan waina, ubanki na waje, kada ki ba mu kunya. Injin ya sake juyawa, ya sake tsayawa.

"Sha bakwai."

"Hm," in ji Likita Bong, ya ci gaba da ɗinki.

Ƙarfe huɗu da rabi Injolmi ta ɗaga kai a cikin bargo, ta ga mai ita ta gilashi, ta yi ƙoƙarin kaɗa wutsiya ta kasa. Nari ta gaya masa gaskiya: hatsarin bai wuce ba tukuna, sai an ga kwana biyu, kuma mai yiwuwa a buƙaci jini in motar ta zo. Ya gyaɗa kai. Bai yi godiya ba, bai kuma maimaita abin da ya faɗa ba. Ya manna goshi a gilashin ya ce, "Ke, kunnen ƙashi. Kin ja mini asarar tukunya uku." Sannan ya ce zai koma shago, mata na jiransa, zai dawo da hantsi.

Likita Bong ya zauna a bencin baranda da rigar aikin a jikinsa, ya jingina kai da bango.

"Gonar kawun naki," in ji shi, ido a rufe, "akwai shinge?"

"Akwai."

"Ba ya son tsawa. In hadari ya taso a shigar da shi ɗaki." Ya gyara zama a bencin. "Ki ɗauki motata in kin tashi. Ba zai shiga taki ba, ƙafarsa. Hanya za ta cushe, ki tsaya ki ba shi ruwa."

"Ranka ya daɗe, ka ce bayan idi."

"In na jira bayan idi wani zai sake shigowa da buhu." Ya buɗe ido ɗaya. "Sunayen nan na masu manyan karnuka da kika dame ni da su. Nawa kika tara?"

"Huɗu."

"Huɗu," in ji shi, ya sake rufe idon. "To, sai ki ƙara."

Ta yi zaton in wannan ranar ta zo za ta ji kamar ta ci gasa. Ba ta ji komai ba sai ciwon ƙafa. Ta nufi ƙaramin ɗakin.

Awa uku ke nan yana kwance a kan ƙarfen. Gwaggo ta riga ta fasa ƙwai a romon, ta zuba a babban kwanonsa, ta fifita har ya huce, ta ajiye a ƙasa inda aka saba. Manaja ya ga kwanon. Miyau ya zubo masa har tebur. Bai motsa ba.

"Sauko mana," in ji Nari. "An gama. Yau babu."

Wutsiya ta bugi ƙarfe. Ya ƙara miƙe wuya.

Ta durƙusa daidai fuskarsa. "Gom," in ji ta. "Gom, zo."

Ko kunne bai motsa ba. Ta sa hannu a ƙarƙashin ƙirjinsa za ta ɗaga shi, ya sake jiki ya yi nauyi, ya yi wani ɗan kuka a maƙoshi kamar mai ba da haƙuri. Ta ɗauko kwanon ta kai masa baki. Ya kau da kai, ya dubi bango, jikinsa na rawa.

"Ba zai ci ba," in ji Gwaggo daga ƙofa. "Ni na koya masa. Yana ƙarami yakan diro tun ba a cire allura ba, jini ya ɓata ko'ina. Wata uku na yi ina koya masa. Sai an gama, an danne wurin, an sallame shi." Ta goge hannu a jikin riga, ko da yake a bushe yake. "Kowa ya ce ban taɓa yin aiki mai kyau kamarsa ba."

Nari ta mayar da kwanon ƙasa. Ta tsaya tana kallon wuyan, inda gashi ya daina fitowa, wani fili kamar tafin hannun jariri, fata ta yi kauri da tabo a kan tabo. Shekara guda tana faɗa a kan teburin nan. Ta rubuta takardu, ta ɓata da mutane, ta rantse hannunta ba zai taɓa yin wannan aikin ba.

Ta buɗe aljihun tebur ta ɗauko sirinji, ta cire allurar ta jefa a kwandon shara.

"Yaya ake yi, Gwaggo? Daga farko."

Gwaggo ta shigo. Ta tsaya a inda ta shekara tara tana tsayawa, ta tallafe kan karen a ƙirjinta, ta rufe masa ido da tafi. "Auduga tukuna. Mai sanyi. Sau uku, daga sama zuwa ƙasa."

Nari ta shafa. Rawar jikin ta tsaya nan take.

"Yanzu ki danna. Ki ɗan ƙara, ya ji. Sai ki jira, ya san tsawonsa, ba a yi masa wayo."

Suka tsaya haka, mata biyu da tsohon kare, da sirinjin da babu komai a cikinsa. Motar shara ta wuce a titi. Gilashin baranda ya fara yin toka-toka. Gwaggo tana motsa baki tana ƙirga, hawaye na bin gefen hancinta, ba ta da hannun sharewa.

"Ya isa. Cire. Danne da auduga. Yanzu ki faɗa masa."

"Me zan ce?"

"Sannu da aiki, Manaja."

"Sannu da aiki, Manaja," in ji Nari.

Ya ɗago kai, ya yi atishawa, ya taka benci, ya huta, ya sauka ƙasa. Ya tsoma baki a kwanon har idanu, wutsiya na kaɗawa, romo na fantsama a takalmansu.

Gwaggo ta ja hanci. "Kifin sai an jiƙa shi sau biyu, saboda gishiri. Ki gaya wa matar kawunki. Zan ɗaure miki wanda ya rage." Ta kai ƙofa ta tsaya. "A can ɗin suna da tebur?"

"Akwai gadon katako a tsakar gida, inda ake shanya barkono."

"Zai yi."

Nari ta dubi sirinjin da ke hannunta, ta dubi kwandon shara. Ta goge shi da gefen riga, ta ɗebi auduga dunƙule guda, ta sa su a aljihu.